Farau-farau a Jirgin Asibiti

Ni ɗan Birni ne, a Damagaram aka yanke mini cibi, kuma wanda ya san garinmu ya san ba mu wasa da ruwa. Muna yara, zamanin Nasara na nan, in rani ya yi nisa mata kan kwana rabi a bakin rijiya don tulu ɗaya. Duk da haka innata tana da wata ƙaramar randa a bayan zaure, wadda ko mu 'ya'yanta ba mu isa mu tsoma moɗa a ciki ba. Ta baƙi ce. Mutum ya yi sallama, ko an san shi ko ba a san shi ba, kafin a tambaye shi daga ina, sai an dama ɗan garin gero a ruwan nan an miƙa masa. Farau-farau ke nan. Wata rana wani mai raƙumi ya tsaya a ƙofarmu ina can ina langa, na ce masa ina zuwa, na manta. Da labari ya kai wa inna, da muciya ta bi ni har bayan masallaci, tana cewa na zubar mata da mutuncin gida.

Da na samu sartifika a lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ni a dispanser, ƙaramin asibitin garinmu, ina kiran marasa lafiya ina yi wa likita tafinta. Bayan an samu mulkin kai da 'yan shekaru, likitan ya tara mu ya ce akwai wani jirgin ruwa, asibiti ne sukutum, ya tsaya a wata ƙasa ta bakin teku, kuma ana neman masu aikin sa kai da ke jin Hausa da Faransanci, don mutanenmu sun yi yawa a can, 'yan dako da fatake da masu gadi. Babu albashi, sai ci da wurin kwana. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Son a sani ne, ba wani abu ba, yau na faɗi gaskiya.

Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai? Kai da aka kai ka Gidimuni ka ga tabki ka ƙanƙame rigar babanka kana ihu?"

Na ce ai na girma. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya, ta juya ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har na tafi.

Kwana da kwanaki ina cikin kamyo, babbar motar kaya, da jirgin ƙasa kafin in ga tekun. Jirgin fari ne tas, ya fi duk wani gini da na taɓa gani tsawo, an ɗaure shi da igiyoyi masu kaurin cinyata. Aka ce mini a ɗaure yake, ba ya zuwa ko'ina sai an gama aiki. To, wallahi ƙarya ne, yana motsi. Su ba su ji, ni ina ji. Kwana uku na yi ina amai a jirgin da ko taku ɗaya bai yi ba, ma'aikatan jirgi na wucewa suna dafa mini kafaɗa suna dariya. Na zage su da Hausa son raina, su kuma suna ce mini marsi, wai sun gode.

Aka ba ni gado a wani ɗan ɗaki na mutum huɗu, gado kan gado, nawa ne na sama. Ni da na saba da tabarma a tsakar gida, in buɗe ido in ga taurari, yanzu in na ɗaga kai ƙarfe ne ke gaishe ni a goshi. Ko'ina matakala, ko'ina lungu, duk iri ɗaya. Sau biyu ina neman ɗakin marasa lafiya in tsinci kaina a wajen masu wanki. Alƙibla kuwa sai da wani tsohon ma'aikacin jirgi, wanda ba Musulmi ba, ya kawo abin awonsa ya zana mini alli a ƙasa. Abinci ba a magana. Ga nama, ga burodi, ga wani cuku mai wari kamar an manta da shi a takalmi, amma cikina bai taɓa yarda an ci abinci ba. Abu ɗaya na fi su duka: ruwan daɗi a ƙayyade yake a jirgi, kowa na kuka da wankan minti biyu. Ni ko da buta ɗaya nake wanka, in yi alwala, in rage. Ranar da suka gano haka, sai da suka taru suna kallona kamar mai sihiri.

Shugabar masu jinya wata Baturiya ce, dattijuwa, doguwa, ƙasusuwa zalla, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Majo muke ce mata. Faransancinta na makaranta ne, nawa ma haka, sai muka daidaita. Rigimarmu ta farko a kan gaisuwa ce. Ta aike ni in tambayi wani ko ya yi fitsari, na je na tsuguna, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya baƙunta, ina labarin gida. Ta zo ta tsaya a kaina tana duban agogo.

"Tambaya ɗaya na aike ka."

"Majo, ba a faɗa wa dattijo da maganar fitsari haka kawai. Ba akuya ba ne."

"Gadaje talatin gare ni."

"To talatin ɗin duk mutane ne."

Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce in riƙa tashi da wuri in gama gaishe-gaishena kafin ta iso. Haka muka yi, kuma daga baya na kama ta tana ce wa wani tsoho "sannu" a ɓoye, da wata irin murya kamar mai tari. Na so matar nan ƙwarai, ko da yake a lokacin da an tambaye ni sai in ce masifaffiya ce.

Doka ɗaya ta maimaita mini har na gaji: in an rataya jan allo a gadon mutum, za a yi masa aiki ke nan, ba ci ba sha. Na ce na ji. Na kuwa ji, amma da kunne kawai.

Ran hutu nakan sauka in je zangon garin, inda mutanenmu suke. Can na samo gero wajen wata mata, ta surfa ta daka mini, na zuba a gwangwanin madara na ɓoye a akwatina. In kewar gida ta taso mini, sai in dama kaɗan in sha a tsaye. Ba mai sani.

Watanni suka tafi. Aka sanar cewa jirgi ya kusa tashi, kuma Asabar mai zuwa ce ranar ƙarshe ta manyan ayyuka, don waɗanda aka yanka su samu kwanakin warkewa kafin a sauke su. Lahadi hutu, na ƙarshe, kowa ya shirya inda zai je yawo a gari. Litinin a fara ɗaure kayan ɗakin aiki.

Ran Asabar da hantsi aka kira ni ɓangaren mata, wai an kawo wata tun jiya, ba mai jin abin da take faɗa. Na tarar da wata tsohuwa zaune a gado, an tokare ta da matasai uku. Maƙoƙo ne a wuyanta, ya kai ƙaramar ƙwarya. Kafin in ƙarasa ina jin numfashinta, yana fita da wani siririn fito. Jan allo na rataye a gadon.

Na ce, "Salamu alaikum. Sannu, Kaka."

Ta ɗago ido da sauri. "La ilaha illallahu! Bakin gida nake ji. Ɗan ina ne kai?"

"Damagaram. Birni."

"Ni 'yar garin Dogo ce, nan kusa da ku!" Ta kama hannuna da hannu biyu. "Zo nan, maigida, zo in gan ka. Ashe ina da miji a jirgin Nasara ban sani ba. Amma ka rame, ba su ba ka tuwo?"

Ta ba ni labari a guntu-guntu, tana hutawa tsakanin magana. Miji ta biyo zuwa bakin teku tun tana da ƙuruciya, ya rasu, ta zauna tana tuyar ƙosai a zango. Wuyan ya daɗe yana girma, amma bana ne ya fara shaƙe ta. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Likita ya ce in ba a cire ba, wata rana zai toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ita ce ta ƙarshe a jerin ranar, bayan azahar.

Sai ta rage murya. "Maigida, wane irin gida ne wannan? Tun daren jiya ko ɗigo ba su ba ni ba. Na nuna musu baki, na nuna musu maƙogwaro, sai murmushi suke mini. Murmushi zan sha?"

Na ce, "Kaka, doka ce. Saboda aikin."

"Doka." Ta sake hannuna. "Na shekara talatin ban ga gida ba, yau na ga ɗan Birni, ya tsaya a kaina yana karanta mini doka. Haka uwarka ta koya maka karɓar baƙi?"

Maganar nan ta soke ni. Na dubi laɓɓanta, duk sun bushe sun tsage. Na dubi allon. Na ce a raina, ai dokar Nasara kullum da ƙari take, sun saba tsoratar da mutane. Aikin ma sai an jima, kafin nan ya wuce. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban iya jurewa. Na haura ɗakinmu da gudu, na dama farau-farau a babban kofina na ƙarfe, har da kauri na yi masa don in burge ta, na rufe da tawul na kawo. Ta shanye tana lumshe ido, ta ce gero, gero, Allah sarki. Ta miƙo kofin, na koma na ƙaro. Ta sa mini albarka har sai da na ji kaina ya yi girma.

Bayan azahar muka tura ta a gadon taya zuwa ƙofar ɗakin aiki, ni da Majo. Mai sa barci ya fito, wani gajeren Bature mai sanƙo, da takarda a hannu. Ya ce da ni, "Tambaye ta, ta ci ko ta sha wani abu tun daren jiya?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na juya na tambaye ta da Hausa. Tsohuwar nan ta dube ni, ta dubi Majo, ta gane komai. Ta ce a hankali, "Ka ce musu ban sha ba. Tsakaninmu ne. Kada su kore ka."

Duk jirgin nan ba mai jin abin da ta faɗa sai ni. Kalma ɗaya zan furta a wuce. Mai sa barci na jira, alƙalaminsa a kan takarda. Na ga ba wasa a fuskarsa, ba irin tambayar cika takarda ba ce, da gaske yake son ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Ta sha. Kofi biyu, da garin gero a ciki. Ni na ba ta."

Ya rufe takardarsa. Majo ta juya gadon da kanta muka koma. Da ma ta zage ni. A lungu na tare ta, kuma don rashin kunya ni ne na fara faɗa. Na ce ku ba ku san mutum ba, kun bar tsohuwa da ƙishi kamar wadda ta yi laifi, a garinmu ko maƙiyinka ba ka hana shi ruwa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗora yatsa a maƙogwarona ta ce, in mutum ya yi barcin magani, abin da ke cikinsa yakan taso, ba ya iya tari, sai ya gangara huhu. Ta ce ta taɓa gani da idonta, kuma mai wuya irin na matar nan ba ta da hanyar da za a cece ta. Ta ce, "Da ka yi shiru, da yanzu muna rufe ta da zane."

Na jingina da bango. Na ce to a yi anjima mana. Ta ce kafin cikin ya sauka rana ta faɗi, likita kuma tun asuba yake tsaye, ba zai sa wuƙa a wuyan mutum da hannun da ya gaji ba. Gobe hutu, jibi a kwashe kaya. Za a sauke ta ta koma zango da wuyanta.

Na je na faɗa wa tsohuwa. Ta ce, "Allah bai yi ba, maigida. Kada ka sa a ranka. Ai na sha gero." Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na fita na yi kuka a bayan tulin barguna, kukan da rabona da shi tun ina yaro.

Na koma wajen Majo na ce, in gobe fa? Ta ce ita ba ta da ikon hana kowa hutunsa. Aiki irin wannan sai mutum shida: likita, mataimakinsa, mai sa barci, masu miƙa kaya biyu, da mai dafa ƙarafan aiki. Ta ce, "Ni zan zo. Sauran, kai ka ɓata, kai za ka roƙa."

To ni roƙo iri ɗaya na sani, na gidanmu. Na je ƙofar likita na ƙwanƙwasa, na tuɓe takalma, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai. Mutumin ya buɗe, ya gan ni a ƙasa, ya yi tsalle ya kama ni yana lalubar cikina, yana tambaya ina ke ciwo. Na ce ba ciwo, haƙuri na zo bayarwa. Ya ce in tashi. Na ce ba a tashi sai an amsa. Ya tsuguna shi ma, don ya rasa yadda zai yi, muka zauna a ƙasa mu biyu kamar masu cinikin goro, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa haɓa. Ya ce tun zuwansa yake son ya ga wani dutse mai ruwa a bayan gari, gobe ce kaɗai ta rage masa. Sai ya ce, "Ƙarfe tara. Yanzu don Allah tashi, gwiwata ta gaji."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai sa barci ya rufe ƙofa a fuskata, na zauna a wurin, ya buɗe ya tarar ina nan, ya faɗi wata magana da yarensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce, ya ce to. Mai dafa ƙarafa, wata baƙar mata 'yar ƙasar, ita ta fi ba ni wuya. Ta shirya zuwa ganin 'ya'yanta. Ta wanke ni tas, ta ce wauta ce ta cika ni, sannan ta ce in tashi kada in ɓata wandona. Kafin magariba mutum shida sun cika.

Majo ta ce saura abu ɗaya. Gobe daga sallar asuba har a shiga da ita, ni zan zauna a bakin gadonta, ni zan tsare ta.

Safiyar Lahadin nan ta yi zafi, iska ta tsaya cik. Ni ma ban sa komai a bakina ba, na ga bai dace ba. Tun rana ba ta ɗaga ba tsohuwa ta fara. Da wasa ta fara, wai miji marowaci ba ya auruwa. Na yi dariya. Ta ce kurɓa ɗaya. Na ce a'a. Ta ce ruwa zalla, ba gero. Na ce a'a. Majo ta ba ni auduga da ɗan ruwa a tasa, in riƙa shafa mata a leɓe, sai ta nemi tsotse audugar, na janye. Nan fa wasa ya ƙare. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Don Allah, don Annabi. Don darajar uwarka."

Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Na ce, "A'a, Kaka."

Ta juya fuskarta bango. Na yi mata magana, na kira ta amarya, na ba ta labarin kasuwar Dogo da ƙarya da gaskiya, ko motsi. Har muka tura ta ƙofa ba ta dube ni ba. Aka rufe. Na zauna a matakala ina jan carbi, abu ɗaya ke cina: in ta tafi a haka, ta tafi tana fushi da ni. Wajen azahar likita ya fito, rigarsa sharkaf da gumi, ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce.

Washegari da rana aka yarda ta fara shan ruwa. Wuyanta naɗe da farin ƙyalle, murya babu, sai ido. Majo ta miƙo mini cokali da kofi ta ce, "Uku kawai. A hankali."

Na ɗebo, na kai bakinta. Tsohuwar nan ta dube ni, ta datse leɓe gam. Na ce haba Kaka. Ta kawar da kai, ta ɗaga yatsa ta nuna Majo. Majo ta karɓi cokalin, kuma ranar na fara ganin haƙoranta, tana dariya har ruwan na zuba. Daga hannunta ta sha cokali uku, tana harara ta ta gefen ido.

Na ce to, an sake ni ke nan, bari in koma bakin aikina. Na juya zan tafi sai na ji an riƙe ni. Ta damƙe gefen rigata, ta naɗe shi a yatsunta. Ba ta dube ni ba, ta lumshe ido. Can sai barci ya ɗauke ta. Na kasa kunne ina neman fiton nan, babu shi, iska na shiga tana fita sumul. Na so in zauna, kujera ta yi nisa, in na matsa rigar za ta ja hannunta. A tsaye na yi har la'asar.